Rubutun Gefe na Pak Casmadi

Ubana, Pak Casmadi, littafi ɗaya ya riƙe shekara arba'in da 'yan kai. Ba wai bai taɓa wasu ba, ko jarida da biro a hannu yake binta. Amma in ya ce "littafina", kowa a gidanmu ya san wanda yake nufi. Wani littafin gyaran zuciya ne na Larabci, mai takarda rawaya, warwara ba ɗinki, cikin bangon kwali.

Sana'arsa buga zane. A ƙauyenmu da ke bakin teku kusa da garin Pekalongan a tsibirin Jawa, namiji in ba masunci ba ne, to yana cikin aikin batik, zanen da ake yi wa ado da kaki da rini. Shi nasa, ya tsoma hatimin tagulla cikin narkakken kaki, ya danna kan farin yadi, ya ɗaga, ya sake dannawa, tun safe har azahar ta gota. Ban taɓa sumbatar hannunsa ban ji warin kaki ba.

Yana shekara sha huɗu aka kai shi makarantar kwana wurin wani malami. Ya yi shekara uku, kakana ya rasu, ya dawo gida. A can ya koyi karatu irin namu. Malam ya karanta kalmar Larabci, ya faɗi ma'anarta da yaren Jawa, ɗalibi ya rubuta ta a ƙarƙashin kalmar, a karkace, ƙanana kamar kiyashi. Da baƙar tawadar China suke yi, da alƙalami mai bakin ƙarfe. Wanda ya yi gyangyaɗi ko fashi, shafinsa ya yi giɓi, sai ya ari littafin wani ya kwafa. Haka karatu yake wucewa daga wannan littafi zuwa wancan, da hannu.

Wannan kowa ya yi shi. Abin da ubana ya ƙara, nasa ne shi kaɗai. Shafi ɗaya a rana, bayan la'asar, yana zaune kan tabarma, littafin bisa wani ɗan benci da bai wuce taki ɗaya daga ƙasa ba. In ya karanta sai ya rufe, ya faɗi da ƙarfi abin da shafin ya ce, ko da kaji ne kaɗai a tsakar gida. In ya kasa faɗa, ya buɗe ya sake. Sannan ya ɗauki shuɗin biro ya yi rubutu a gefe: tambaya, ko musu, ko sunan wanda shafin ya tuna masa, ya sa shekara. Littafin shafi ɗari uku da wani abu ne, saboda haka duk shekara sai ya dawo ya tarar da abin da ya ce bara, ya ba shi amsa. Da gefen ya cika, ya koma liƙa 'yan takardu. Akwai inda ya rubuta, "Ban yarda ba." Bayan shekara tara ya ƙara a ƙasa, "Na yarda, amma ban ji daɗi ba."

Ni kuwa, Muslikah, 'yarsa ɗaya tilo, haɗiyar littafi nake yi. A waya nake karatu, a mota, a shagon yadin da nake aiki, har kan tukunya.

Yakan ce, "Nduk, nawa kika cinye wannan makon?" Nduk, wato 'yar yarinya, yake kirana har na wuce talatin, kamar wata 'yar goye, ni kuma in ce masa Pak, wato Baba.

"Uku, Pak."

"Masha Allah. Na farkon me ya ce?"

"Wata mata ce, mijinta ya... ya dai yi wani abu."

"Ya yi me?"

"Haba Pak, jarrabawa ce?"

"A'a, ni marubucin nake tausayi. Bawan Allah ya sha wahalarsa, ke kuma kin bi ta kansa da babur."

Haushi yake ba ni, don gaskiya yake faɗa, ni kuma ba na son gaskiya da yamma in na dawo a gajiye.

Shekara uku bayan rasuwar uwata mantuwa ta fara masa. Ya bar kaki kan wuta har ya kama. Ya kira ni da sunanta sau biyu a rana guda. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai gaba. Ubana ya saurara, ya yi godiya. A hanyar gida ya ce in tsaya a shagon littattafai. Ya fito da irin littafinsa sak, sabo fil, ba ɗigon tawada ko ɗaya.

Ya ajiye mini a gaba. "Ki kwafe nawa cikin wannan. Baƙin da shuɗin duka. Shafi ɗaya a rana."

"Pak, in ɗauki hotonsa a waya mana. Minti ashirin an gama."

"Wayar ta karanta ke nan. Ke fa?"

"Shekara guda fa kake cewa!"

"Ni arba'in na yi, ban mutu ba."

Na ce a raina zan ɗauki hoton a ɓoye in yana barcin rana. Shi ma ɗin ban yi ba. Kullum sai gobe.

Na dai fara kwafar. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana aiki. Hannu ba ya gudu kamar ido, sai ka tsaya kan kowace kalma ko ba ka so. In na gama ya sa ni in rufe in faɗa masa. Har yau waɗannan shafukan suna kaina, alhali littattafan da na karanta a waya ba zan iya kawo sunan goma ba. A shafi na bakwai ana maganar fushi, a gefe ya rubuta, "Yau na yi wa Muslikah tsawa don ta fasa kofi. Da ni shafin nan yake." Na duba shekarar, ina 'yar tara lokacin. Ni na manta da kofin, shi bai manta ba.

Shafi goma sha ɗaya na yi. Sai azumi ya zo, shago ya cika da masu yadin salla, bayana yana ciwo. Na ɗauki littafin nawa na cilla can saman kabad, don ganinsa yana hana ni sakat. Da farko yakan tambaya, "Nduk, yau ba karatu?" In ce gobe. Daga baya ya manta da tambayar. Sauƙi na ji, Allah ya yafe mini.

Shi dai bai fasa zamansa ba. Sai ma ya fi daɗewa, yana bin shuɗin rubutun da yatsa. Wata rana ya ce mini, "In na ɓata, nan nake zuwa in tambayi hanya."

Shigar ruwan teku cikin gida ba labari ba ne a wurinmu. Yakan zo iya idon sawu ya koma. Kowa firijinsa bisa bulo yake. Ranar wata Talata na kai ubana asibiti cikin gari da safe, muna layin magani katangar da ta tare teku ta fashe. Da muka dawo da azahar, babur bai shiga unguwa ba. Na bar shi a masallaci da ke kan tudu, na kutsa, ruwa har cinya.

Maƙwabciyarmu Yu Tarsini na tarar a ɗakinmu, zani jiƙe, tana haki.

"Na ɗaga miki talabijin da buhun shinkafa. Muslikah, littafin..."

"Yana ina?"

"Wallahi na yi niyya. Na ga Larabci ne, ni kuma ba ni da tsarki, ban iya sa masa hannu ba. Sai na ɗauki bencin gaba ɗaya na ɗora kan kujera. Ruwan ne ya kifar da kujerar."

Ba Alƙur'ani ba ne, da ta ɗauka ba laifi. Amma wa zai tsaya yi wa Yu Tarsini fatawa cikin ruwa? Uwata ma da haka za ta yi. Takardun suna yawo a ɗaki ɗaya-ɗaya, tunda dama ba ɗinki. Muka bi su muna tsincewa a faranti.

Da ruwa ya janye na shanya su kan igiyar da ake shanya batik, kowanne da maƙalinsa. Tawadar China ba ta san ruwa ba. Duk abin da ya rubuta yana ɗan makaranta yana nan baƙi ƙirin, kamar jiya aka yi. Shuɗin biron kuwa ya narke. Gefen kowane shafi ya zama shuɗi-shuɗi, 'yan takardun da ya liƙa sun saki sun tafi. Na tsaya ina jira in ji wani abu. Ba kuka, ba faɗuwar gaba. Yunwa kawai na ji, na shiga na dafa shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken suya irin tamu, na ci na ƙoshi.

Na jera masa shafukan yadda suke, na mai da su bangonsu. Ya buɗe, ya juya guda biyar ko shida. Ya ce, "An wanke shi." Sai ya ce in kawo masa shayi.

Bayan la'asar yana zama kamar kullum. Ya karanta, ya rufe, ya buɗe baki zai faɗa, shiru. Biron yana hannunsa, ba ya rubuta komai. Na zauna kusa da shi na ce, "Pak, a nan me ka rubuta da?" Ya dubi shuɗin tabon, ya dube ni, ya yi murmushin da ake yi wa baƙo.

Wata biyu ana haka. Ranar wata Juma'a na hau kujera na sauko da nawa daga saman kabad. Ko danshi bai taɓa shi ba, sai ƙura. Na kaɗe, na ajiye masa kan benci.

Ya fara daga shafin farko. A ranar ya karya dokarsa, bai tsaya a ɗaya ba. Yana bin gefen da yatsa, leɓɓansa suna motsi. Wani wuri ya gyaɗa kai, wani wuri ya yi 'yar dariya. A na bakwai ya daɗe. Da ya wuce na sha ɗaya ya ga fari fat, ya juya na gaba, ya juya na gabansa, ya dawo.

"Nduk, rubutunki ne wannan?"

"Nawa ne, Pak."

"Wurin wa kika kwafo?"



Ya ce, "Mutumin nan ya san karatu. Bai yi wa littafin gaggawa ba." Ya rufe bangon, ya turo mini da hannu biyu. "Ki koma wurinsa ki kwashe sauran tun yana da rai. Kada ki yi wasa, kin ji ko?"

Na ce, "To, Pak."