Badaru Da Ba Ya Taka Ƙasa

Rigimata da Badaru a kan miya aka yi ta. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti a Kano na kaɗa masa miyar kuka da daddawa, ba gishiri, kamar yadda likita ya ce. Ya ɗanɗana, ya ture kwanon.

"Gwaggo, wannan ai wankin tukunya ne."

Na ce wankin tukunyar ne ya raine shi, lokacin da wuyansa bai fi muciya kauri ba.

Ɗan ƙanena ne, na san farkonsa. Yana saurayi shi ke kora jakan ubansa daga ƙauyenmu na gefen Gezawa zuwa birni, ya kai itace, ya dawo da taki, duk a ƙafa. A wancan zamani ba mu san wani ciwon zuciya ba. Wanda ya faɗi a gona sai a ce iska ne, a yi masa hayaƙi. Ko ciwon ne ke kashe su, Allah masani, asibiti dai ba mu kai kowa ba.

Sai Badaru ya shiga awon gyaɗa, Allah ya buɗa masa. Ya sayar da jakai, ya sayi babur, ya ajiye tumbi, ya je Makka. Tun daga nan ƙafarsa ta yi sallama da ƙasa. Masallaci taku arba'in ne daga ƙofarsa, amma sai ya tayar da babur. Su shida ke majalisa a gindin darbejiya, tsire a hannun dama, lemon kwalba a hagu. Cikin shekara biyar an kwashi uku a mota, kowa dafe da ƙirji. Badaru ne ɗan rakiya, ya dawo yana cewa mutanen yanzu ba su da ƙwari. Shi ne na huɗu.

Likita ya ce in yana son ganin auren jikokinsa, ya rage maiƙo da gishiri, ya kuma riƙa tafiyar ƙafa kullum. Maganar abinci da sauƙi, a cikin gida ake ci. Tafiyar ce bala'i. Ranar farko bai kai bakin kasuwa ba mutum uku suka tsaya za su rage masa hanya. Khalilu mahauci ya ja shi gefe, ya sassauta murya.

"Alhaji, kasuwa ce ta juya? In an sayar da babur ɗin ne, riƙe nawa kwana biyu."

Badaru ya koma gida kamar an mare shi.

Sai ya samo dabara. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Ya hau babur, ya ratsa gari kowa na gani, ya jingine shi a bakin gona, ya shige cikin dawa yana kai-kawo tsakanin kunyoyi kamar ɓarawon wake. Wata biyu yana haka. Numfashinsa ya dawo, har riga ta fara yi masa yawa.

Sai aka yi girbi. Aka sare kara, fili ya buɗe, daga gonarsa kana hango mai shanya a ƙauye na gaba. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu inda Alhaji zai taka ƙasa a ɓoye. Ya koma gindin darbejiya, ya ce sai wata daminar.

Bai kai ta ba. Tsakiyar rani aka sake kwasarsa, ya yi kwana tara a kan gado. Da aka dawo da shi na je dubiya, na tarar an kira la'asar yana ce wa matarsa Ramlat ta sa a fito masa da babur. Ya ga ina kallonsa.

"Gwaggo, ke ba ki san mutane ba. Magana za su yi."

Sati biyu ya ƙara a duniya, ban sake samun zama da shi ba. Abin da na ce masa a wannan la'asar ɗin ke nan:

"Hau abinka, ɗana, ka kwantar da hankalinka. Ranar ma a kafaɗa za su kai ka. Ba wanda zai ce ya ga Alhaji yana tafiya a ƙafa."