Ƙwan Ƙofar Gidanmu

Tun ina yaro akwai ƙwan lantarki a saman ƙofar gidanmu a Wudil. A ƙarƙashinsa Baba da maƙwabtansa suke ciyayya bayan magariba. Kowa ya fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a kan dakali, a ci tare. Har bayan rasuwar Baba tsofaffin ba su fasa zuwa ba.

Sai aka sace wa yayana batirin mota a ƙofar gida. Ya sayo kyamarar tsaro daga Kano, ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya ce babu soket a waje, sai dai a cire ƙwan a sa soket a gurbinsa. Na ce, "Yaya, to tsofaffin fa?" Ya ce ai kowa yana da fitila a wayarsa.

Da yamma aminin Baba ya zo da kwanonsa. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon kyamarar. Sannan ya ce da ni, "Ɗana, da kun faɗa mana mu kuke zargi, ai da mun tashi da kanmu." Ya juya da tuwonsa, ko buɗewa bai yi ba.

Har yau kyamarar ba ta kama ɓarawo ba. Yayana yakan nuna wa baƙi hoton a wayarsa, yana yabon yadda take fito da komai tas. Gaskiyarsa. Dakalin yana fitowa tas, babu kowa a kai.