Mundayen da Sunka Huda Kwanon Inna

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata a Dinawa, ba zan manta ranar da mundaye sunka huda kwanon mahaifiyarmu ba. Inna tana da wata aminiya Bafillata mai kawo mana nono. Da za su tafi kiwo da rani, sai ta bar wa Inna ajiyar mundayenta na jan ƙarfe, waɗanda ta gada wurin uwarta. Inna kuwa ba ta iya ganin abu da dauɗa ta ƙyale. Ta jiƙa su cikin ruwan tsamiya da gishiri a kwanonta na silba, wato alminiyum, don su yi haske, ta tura ƙarƙashin gado. Sai ga labarin rasuwa daga Rabah, munka kwashe munka tafi, anka manta da kwano.

Da munka dawo bayan kwanaki, ruwan ya tsiyaye ƙasa. Na ɗaga kwanon sama, sai ga rana tana leƙowa ta gindinsa kamar rariya, daidai inda mundayen sunka kwanta. Su kuwa mundayen ko ƙwarzane.

Gwaggo, yayar babanmu, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wanga ba banza ba na. Abin da ya ci ƙarfe mi zai bar ma mutum? Asiri anka ajiye muku. A jefa su gulbi tun wuri!"

Inna ta yi tsuru-tsuru. Amana ce a hannunta, ga kuma tsoro ya shige ta. Ta ce in Allah ya kai mu Juma'a za a kai su gulbin.

Ni dai abin da ya hana ni sakat shi ne, in asiri ne, don mi ya ƙyale katifa da mutane ya auka wa kwano? Na faki ido na naɗe mundayen da kwanon cikin zane, na hau kabu-kabu sai Wurno, wurin yayana mai gyaran rediyo. Ya saurare ni yana dariya, ya aika anka sayo tsamiya. Ya yanko gefen kwanon, ya tsoma shi da munduwa guda cikin ruwan, ya dangwala musu wayoyin mitarsa ta awon wutar lantarki, mai allura. Wallahi allurar ta motsa! Na ja da baya.

"Matsoraciya," ya ce. "Ai batir kunka haɗa ƙarƙashin gado. In ƙarfe iri biyu sunka gamu cikin ruwa mai tsami, ɗaya na narkewa a hankali yana ba da wuta. Silba shi ka cinyewa, jan ƙarfe yana nan abinai."

Na ce Gwaggo ba za ta yarda ba, za ta ce aljanin munduwa ne ya motsa allurar. Sai ya ba ni aron mitar da guntuwar wayar jan ƙarfe daga mataccen rediyo, wadda Bafillatar ba ta taɓa gani ba.

Da na koma, na haɗa ruwan tsamiya da guntun kwanon a tsakar gida gaban Gwaggo, na gwada da wayar, allura ta motsa. Na gwada da munduwa, haka. Gwaggo ta leƙa, ta sake leƙawa, ta taɓe baki ta ce, "To, ɗiyan zamani." Ba ta ƙara zancen gulbi ba.

Da ruwa ya sauka Bafillatar ta dawo a rame. Gobara ta cinye bukkarsu a can, ba su fitar da ko tsinke ba. Inna ta miƙa mata mundayen suna ƙyalli. Ta rungume su ta fashe da kuka, ta ce abin da ya rage mata na uwarta ke nan a duniya. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai.

Tun daga ranar, in abu ya ɗaure mini kai, sai na tambayi mi ya jawo shi kafin in tambayi wa ya yi.