Kiyashin Bayan Ɗakin Baba

Shekarun baya, can lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙauyuka, ina aure a wani gari kusa da Sundimina, da goyon 'yata ta fari. Ni daga ƙasar Gwaram aka kawo ni. Mijina ya sami aiki da masu yin titi, sai ranar Alhamis yake dawowa gida. Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin aurenmu, saboda haka girkin mahaifinsa a hannuna yake. Baba muke ce masa.

Tsakanina da Baba akwai kunya irin ta da. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa taka cikin ɗakinsa ba. In na kai abinci, sai in durƙusa a bakin ƙofa, in tura akushi, in juya. In magana ta zama dole, ta kan 'yata muke bi, ita da ko haƙori ba ta fitar ba. Sai ya dube ta a bayana ya ce, "Amaryata, gaya wa mutanen gidan nan gishiri ya yi yawa." Ni kuma in ce, "Ke, ce wa angonki an ji."

Duk sati mijina yana zuwa da kwalin sukari mai ƙwaya-ƙwaya, da ganyen shayi, da burodi. Mu da muka taso ba mu san komai a kunu ba sai tsamiya, abin ya zame mana wata daraja. Har a kan jeren kwanukana nake ajiye kwalin don baƙi su gani. Kunun Baba kuwa, cika hannu nake yi in zuba masa, safe da yamma, a furarsa ma haka. A ganina ladabi nake yi.

Bayan kaka sai Baba ya fara ramewa. Ga ƙishirwa, ya shanye moɗa ya nemi ƙari. Wani kututturen kara ya soke shi a ƙafa a gona, ciwon ya ƙi warkewa, kullum sai ruwa yake yi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce hannu aka sa masa. Kowa dai shawararsa ɗaya: a dinga dama masa fura mai kauri da zaƙi, ya mayar da jiki. Na ƙara hannu.

Wata safiya ina shara a bayan ɗakinsa, inda yakan tsuguna idan fitsari ya matsa masa bai kai makewayi ba, sai na ga kiyashi sun yi dandazo a wurin. Na share su. Washegari suka dawo. Na bi layinsu da ido, sai na ga irin waɗanda ke damuna a kwalin sukari ne. Na duba turken awaki, na duba inda yara ke tsugunawa, babu ko ɗaya. Ban yi boko ba, amma na san kiyashi ba sa taruwa a banza, zaƙi suke bi.

Sati uku na yi da wannan magana a cikina. Ta yaya suruka za ta buɗe baki ta ambaci fitsarin uban mijinta? Ko ta kan jaririya ba ta faɗuwa. Tsoro ya sa har zanen goyon da 'yata ta yi wa fitsari nake shanyawa a ƙasa in tsaya ina gadi, in ga ko kiyashi za su hau. Kullum kuma da hannuna nake kai masa kunun nan, don in na rage zaƙi za a ce rowa nake yi.

Ranar da na ga ya kasa taka ƙafar zuwa masallaci, na gaya wa mijina, ina kallon bango.

"Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa? Me ya kai idonki can?"

Na ce, "Tsintsiya ce ta kai ni. Ka je ka gani."

Ya je ya gani. Ya nemo mota suka tafi asibiti a Birnin Kudu. Suka dawo da ƙwayoyin magani da ƙafa a naɗe, da sunan ciwon: ciwon sukari. Malamin asibiti ya ce a daina ba shi sukari sam, tuwo da fura da kunu kuma a rage iya ragewa, don su ma zaƙi suke komawa a jiki. Ya kuma ce in ciwon ƙafar bai kame ba, yanke ta za a yi.

Baba ya ce, "Dawar da na noma da hannuna, ita ce za ta ci ni?"

Da farko ɗan malmala guda nake sa masa. Sai na lura duk ranar da ya ci, washegari kiyashi na nan. Ranar da ya ci wake da ganye, sai su ragu. Su suka zama awona. Na daina kai masa hatsi gaba ɗaya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, tafasa, dafaffen wake da man gyaɗa, alale, ƙwan zabi in an samu, kindirmo daga rugar da ke bayan gari ba tare da fura ba. Maganinsa kuma ba ya tsallake rana.

"Amaryata," in ji shi, "tambayar min mutanen gidan nan, akuya suka mayar da ni?"

Na ce, "Ke, ce masa akuya da ƙafa huɗu take yawo."

Na ji ya yi 'yar dariya. Amma na san abin na yi masa ciwo. A wajenmu ganye zalla abincin shekarar fari ne, kuma ba a daɗe da fita daga farin ba. Ga rumbunsa uku a cike.

Ana nan sai ƙanwarsa, Gwaggo, ta zo dubiya daga Dingaya, mijina ba ya gari. Ta zo da ƙwaryar fura, da sukari ƙulle a bakin gyale. Ta buɗe akushinsa ta ga zogale, sai ta sa salati.

"Yaya, wannan fa? Hatsi ya ƙare ne a gidan nan? Abin da muka ci muna kuka, shi ake ba ka da rumbu a cike? Wallahi da matarka na raye ba a yi maka haka ba."

Ina jin su ta bayan zana. Na ji ƙarar ludayi tana damu, na ji ta kwance ƙullin. A satin nan ne bakin ciwon ya fara bushewa. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba, sai gani na a tsakiyar ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ƙwaryar na hannunsa, ya kusa kai ta baki. Na durƙusa na riƙe ta.

Gwaggo ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni! A Gwaram haka ake tarbiyya? A ƙwace abinci a bakin suruki?"

Na kai hannu baya in taɓa 'yata in yi magana ta kanta, sai na ji wayam. Na kwantar da ita a ɗaki tana barci. Babu wanda zan aika. Na ce, "Baba, in ka sha, za su yanke ƙafar."

Ya daɗe yana kallon furar, na san yana son ta, wata biyu rabonsa da ita. Sannan ya sake min ƙwaryar.

"Miƙa wa Gwaggonku, ta sha hanya. Ni a turo min ganyena." Ya juya wajen ƙanwarsa ya ce, "Jiya a tsaye na yi la'asar."

Gwaggo ba ta kwana ba. Labarin ya riga ta isa Dingaya, na yi shekaru ana nuna ni a wajen biki, ana cewa ga wadda ta hana tsoho tuwo. Ƙafar dai ta warke. Ni da Baba muka koma magana ta kan yarinya kamar ba a yi komai ba, har ta girma ta fara amsa masa da bakinta. Ya ga shigarta firamare. Sau ɗaya ya ƙara yi min magana kai tsaye, a ciwonsa na ƙarshe. Na tura akushi zan juya, sai ya ce, "Ke. Allah ya yi miki albarka."

Har yau ba surutun mutane ke damuna ba, sati ukun nan ne da na yi shiru ina kai masa zaƙi da hannuna, don kada a ce ba ni da kunya. Ina ganin girman kunya har gobe, da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana, amma na gaya musu kada ta hana su faɗin abin da idonsu ya gani a jikin mara lafiya. Ni kaina na saba da cin ganye da wake, shayina ba sukari, kuma in ina shara har yanzu idona na ƙasa.

Ranar da Baba ya rasu, mijina na cikin masu yi masa wanka. Da ya fito ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce, "Da ƙafafunsa biyu za mu kai shi."

Allah ya jiƙansa.