Makulli Mai Lamba Bakwai: Zuwa ga Pakde Sarwidi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran Pak Sarwidi, Malam Sarwidi ke nan a harshenmu, yayan mahaifiyata, wanda nake kira Pakde, wato babban kawu, tun ranar da bakina ya buɗe. Ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin babbar na'ura na cibiyar bincike da ke bayan garinmu, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunsa hamsin da shida, ashirin da bakwai daga ciki a wannan ɗakin ya yi su.

Malamarmu ta ce ta'aziyya ba wurin fushi ba ce. Na gwada, Pakde. Sau uku ina yaga takarda ina sake farawa, kowane karo fushin yana riga ni zuwa layi na biyu. Saboda haka ka yafe mini, zan rubuta yadda abin yake.

Ina da shekara sha biyu aka kawo ni gidanka daga ƙauyenmu don in yi sakandare. Allah bai ba ku haihuwa ba, kai da matarka Warsini, wadda nake kira Bude, amma ban taɓa jin ni baƙuwa ce ba. Kullum da safe a bayan babur ɗinka nake zuwa makaranta, kana yi mini tambayoyin lissafi ta cikin hular kwano, ina ba ka amsa da ɗan bugun kafaɗa saboda ina jin kunyar ɗaga murya a kan titi. Da malamai suka rubuta a katin sakamakona cewa ba na magana a aji, Bude ta damu. Kai kuwa dariya ka yi, ka ce mini, "Rabu da su, Nduk, 'yata. Masu surutu duk na gwada su a wurin aiki, ba wanda bai yaga mini falle ba."

Dole in faɗi mene ne wannan fallen, domin mutane da yawa da suka zo zaman makoki suna tsammani kai mai gadi ne. Na'urar cibiyarku tana juya ƙananan ƙwayoyin zarra a cikin wani ƙaton maganaɗisu har su yi gudun da hankali ba ya kamawa, sannan ta harba su a kan wani ɗan falle siriri, masana su zauna su ƙirga abin da ya tarwatse, su gane yadda cikin ƙwayar yake. In babu fallen, babu abin harbi, babu abin ƙirgawa. Kai kake yin sa, kuma kowane ɗaya da ka yi sai ka faɗa mini lambarsa in ka dawo gida. Ana turara gawayi a kan gilashi, ka nutsa gilashin cikin ruwa a hankali har fallen ya saki ya yi iyo, sannan ka ɗago shi da ɗan zoben ƙarfe. Ya fi fatar albasa sirantaka sau dubbai. Numfashi ɗaya yana yaga shi. Saboda shi ka daina shan tabarka mai kanumfari da kake matuƙar so, don kada tari ya zo maka a tsakiyar aiki. A kwanon wanke shinkafar Bude ka koya mini da fatar albasa, tana ta faɗa cewa mun mayar mata da madafa ɗakin gwaji.

Amma abin da aka fi sanin ka da shi a cibiyar shi ne allon makullai. In na'urar tana aiki, ɗakinta cike yake da tururin nukiliya wanda ba a gani, ba a jin ƙamshinsa, yana iya halaka mutum. Saboda haka a bakin ƙofa akwai allo mai makullai goma sha biyu. Duk wanda zai shiga sai ya zare ɗaya ya sa a aljihu, ya rubuta sunansa da lokacin shigarsa a littafi. Muddin makulli ɗaya bai koma gurbinsa ba, na'urar ba za ta tashi ba. Kakan ce makullin da ba ya nan magana yake yi, yana cewa akwai mutum a ciki.

Kowa ya san labarin shekarar da makulli na uku ya ɓata. Baƙi sun zo daga ƙasar waje, an ba su kwanaki kaɗan, kowace sa'a tana da tsada a wurinsu. Aka duba littafi ba sunan kowa. Wani babba ya ce, "Haba Pak Sarwidi, ga mu nan duka a waje, ƙirga mu ka gani! A haɗa ɗan guntun waya ta bayan allon mana, na yau kawai." Ka jawo kujera ka zauna a gaban allon, ka ce, "Ku ne kuka ce duka. Makulli bai ce ba." Sa'a biyu ana zaginka a harsuna uku. Daga baya aka sami wani mai gyaran lantarki da ake kira Mas Paidi, kwance a bayan tubalan kankare yana ɗaure wayoyi, ya toshe kunnuwansa da auduga saboda ƙarar famfo. Ya ɗauki makulli ya manta bai rubuta suna ba. Mas Paidi yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka ranar Talata, kuma bai yarda kowa ya karɓe shi ba har bakin kabari.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Wata guda kafin rasuwarka ka dawo gida da wasu takardu. Sakamakon aikin shekara huɗu ne, za a aika da shi mujallar masana. A saman shafin farko akwai sunaye talatin da ɗaya. Na gan ka kana bin su da yatsa, daga farko har ƙarshe, sannan ka sake komawa farko. Akwai sunayen mutanen da ba su taɓa taka garinmu ba. Naka babu. A can shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ana godiya ga ma'aikatan cibiya. Ka ninke takardar ka ce, "Al'adarsu ce, Nduk. Saman na masu digiri ne, mu na ƙasa ne." Ka yi murmushi, amma ranar ba ka taɓa abincinka ba.

Da ka rasu, cibiya ta aiko da ƙaton allon furanni mai rubutun ta'aziyya aka jingine a ƙofar gida. Na auna da tafin hannuna. Sunan cibiyar ya ninka naka girma sau biyu.

A rana ta uku, bayan magariba, maza suka zauna a kan tabarmi aka yi maka addu'a, aka raba wa kowa kwalin shinkafar da zai tafi da shi gida. Shugaban aikin, Farfesa Gunadi, ya zo. Na ji daɗi, na ce ashe sun san darajarka. Da aka shafa, ya matso kusa da Bude, kwalinsa a hannu, ya rage murya.

"Bu, a yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Ko kun ga wani ɗan makulli mai jan zare a cikin kayansa? Lamba bakwai. Ranar Litinin baƙi za su iso, kwana shida kacal muke da su."

Bude ba ta ma gane abin da yake nufi ba. Ni na gane. Makullin yana cikin aljihun siket ɗina. Ka shiga ɗakin da shi, aka fito da kai a kan hannuwa, ba wanda ya tuna. Na same shi a aljihun rigarka lokacin da zan wanke ta. Ina tsaye da farantin kofunan shayi, na ci gaba da raba wa mutane. A raina na ce, to, ashe akwai abin Pakde da ba za ku iya yi babu shi ba. A sa sunansa a sama, ku sami makullinku.

Washegari Wening ta zo, wadda nake ce wa Mbak, wato Yaya. Ita ce ɗalibar da digirinta na uku ya rataya a kan wannan aikin, wadda kake cewa ita kaɗai ce a cikinsu take wanke kofinta da kanta. Ta same ni a bayan gida ina shanya.

"Asih, ciwon haƙori kike yi, ko ni ce ba ki son gani?"

Na ci gaba da shanyata.

"Yana wurinki, ko? Tun jiya hannunki bai bar aljihu ba, sai ka ce mai ɓoye ɗan tsako."

Na ce, "A sa sunansa, Mbak. A sama, tare da naku. Sai in bayar."

"Ke kina tsammani ban yi magana ba? A gaban kowa na tashi. Farfesa ya ce in aka sa shi, gobe sai an sa direba da mai shara."

"To a sa su mana."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta goge fuska da gefen ɗankwalinta. Sannan ta ce, "Saurara, ƙanwata. Ba za su jira ki ba. Sabon makulli daga waje ake kawo shi, sai ya yi wata biyu. Sun riga sun yanke shawara, in bai fito ba zuwa Litinin, za su haɗa waya ta bayan allon. Sun ce na kwana shida ne kawai. Ni kuma na san wayar da aka haɗa ta kwana shida, ba mai tunawa ya cire ta. Da Pak Sarwidi yana nan ba wanda zai ko furta wannan maganar."

Kwana biyu ina juya zancen, Pakde. Na so in riƙe. Wallahi na so. Na so in ga baƙin nan sun zauna suna kallon na'urar da ta ƙi tashi, su tambayi dalili, a faɗa musu sunanka ko ba a so. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in gan ka a kan kujerar nan a gaban allo, da Mas Paidi a bayan tubala da auduga a kunne. In na riƙe makullin, ni ce zan sa su haɗa wayar da ka yi shekara ashirin da bakwai kana hanawa. Sun ɗauke maka suna, ni kuma in taya su rushe maka aiki. Ban ga adalci a cikin wannan zaɓin ba, kuma har yanzu ban gani ba.

Ranar Litinin da sassafe, cikin kayan makarantata fari da ruwan toka, Mbak Wening ta ɗauke ni a babur ɗinta. Duk hanya ina maimaita jawabin da na shirya. Da muka isa bakin ƙofar ɗakin na ga Farfesa da baƙinsa da wani mutum riƙe da guntun waya da filaya, sai jawabin ya gudu gaba ɗaya. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Farfesa, falle nawa aka yi wannan aikin da su?"

Ya dube ni, ya dubi Mbak Wening. Bai sani ba.

Na ce, "Ɗari biyu da goma sha huɗu. Wanda ke ciki yanzu shi ne na ƙarshe da Pakde ya yi."

Ya ce Allah ya jiƙanka, kai mutumin kirki ne, kuma za a ƙara maka layi na musamman a wurin godiya. Wurin godiya dai. Ban miƙa masa makullin ba. Na jira Mbak Wening ta shiga ta zagaya ɗakin lungu-lungu kamar yadda ka koya mata, tana kira, "Akwai wani a ciki?" har sau uku, ta fito ta mayar da nata. Sannan na sa lamba bakwai a gurbinsa da hannuna na murɗa. Mai filayar ya mayar da wayarsa aljihu.

Mai kula da littafi ya miƙo mini biro, ya nuna layinka na ranar Talata. Sarwidi, shiga ƙarfe goma da minti arba'in. Gurbin fita babu komai. Ya ce, "Nduk, cike mana nan, ko ƙarfe sha ɗaya ki sa, don littafi ya daidaita."

Na ce, "Bai daidaita ba, Pak. A bar shi haka."

Na ajiye biron. Jiniya ta yi kuka, jar fitila ta kama, na'urar ta tashi. Na makara zuwa makaranta, aka rubuta ni cikin masu latti.

An aika da takardar da sunaye talatin da ɗaya. Ban yafe wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyarka in ce na yafe ba. Mbak Wening ta ce in mai suna a sama ya rasu kafin a buga, akan sa ɗan alama a gefen sunansa, a rubuta a ƙasa cewa ya riga mu gidan gaskiya, don duk wanda ya karanta ya tsaya ko na daƙiƙa ɗaya. Ko wannan daƙiƙar ba su ba ka ba. To ni ga takardata, kuma a samanta na sa ka. Sarwidi. Suna ɗaya ne tak kamar na kakanninmu, ba zai ci musu ko rabin layi ba.

Ya Allah, kai da ba a ɓoye maka abin da ya kai nauyin ƙwayar zarra, ka rubuta wa bawanka Sarwidi duk abin da mutane suka ƙi rubutawa. Ka jiƙansa, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka sanyaya zuciyar Bude Warsini, da mahaifiyata da ta rasa yayanta ɗaya tilo, da Mas Paidi da 'ya'yansa uku, da Mbak Wening. Ka tsare duk wanda zai zare makulli daga allon nan bayansa, ka fito da shi lafiya. Ni kuma ka ba ni haƙurin da har yanzu ban samu ba. Amin.

Asih Pramesti,
aji biyu na babbar sakandare.