Rumfar Noelene a Bakin Gangare

Da sanyi ya kama kudu, tsofaffinmu da suka ajiye aiki sai su ɗaura tirelar kwana, wato ɗan ɗaki mai taya, a bayan mota, su nufi arewa shan hantsi. Garinmu ne zangon ƙarshe kafin gangaren dutse, kuma a bakinsa Noelene Prendergast ke kula da sikelin motocin alkama. Kullum da safe takan share sikelin, ta ɗora shayi, ta zuba wa hanya ido. Babu wanda ya ce ta auna matafiya. Ita dai ta taɓa ganin tirelar da ta fi ƙarfin birkinta a ƙasan gangaren nan, ba ta kuma son sake gani.

Kowa a garin nan ya san labarin Clarrie Dunstan, tsohon makiyayin tumaki, da matarsa Beryl. Da suka hau sikeli, Noelene ta duba iyakar nauyin da aka buga a wuyan tirelar, ta girgiza kai.

"Tsoho, gidan ka tumɓuke gaba ɗaya?"

"Ɗan itace ne kawai. Na arewa hayaƙi gare shi."

"Ɗan itace!" in ji Beryl. "Da tukwanen ƙarfe kamar zai ciyar da gari!"

"Kwalaben zumarki fa, uwargida?"

Noelene ta sa ya taka birki, ta kasa kunne a ƙafar tirelar. Shiru. Wayar birkin ta tsinke tun ba yau ba.

"A gangaren nan tirelar ce za ta tuƙa ka, Clarrie. Ko itacen ya sauka, ko Beryl."

"To bari in yi tunani," in ji shi. Ya sha jakar hannun Beryl a ƙeya.

Aka ɗinke waya, aka jibge kayan a rumfar Noelene, yadda ta saba: ajiye, in ka dawo ka ɗauka.

Noelene, ke ce katangar bakin gangare. Bana za ki ajiye aiki ki huta, an tambaye ki wace kyauta kike so, kika ce kin riga kin samu: duk shekara in zafi ya dawo rumfar nan komawa take fanko, domin duk mai ajiya ya dawo da ƙafarsa.

Mun gode, 'yar'uwa. Ku kuma masu tirela, ku hau sikeli ko ba ta nan. Clarrie ma ya dawo, da Beryl a gefensa, ya kwashe tukwanensa. Itacen ne ya tarar ta dafa shayi da shi.