Addu'ar da Muka Yi wa Mutanen Sama

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Mamman, kuma bana ne karo na farko da ranar ta zagayo ban tsaya a bakin kabarinsa ba. Kabarin yana ƙauyenmu, can bayan Fakku. Ni kuwa ina Tambuwal da iyalina, a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ara mana tun da 'yan bindiga suka tashe mu.

Mamman ne ya fara kawo talabijin garinmu, ƙarama, mai hoto baƙi da fari. Da batirin mota take aiki, shi yake ɗaura shi a keke ya kai Kebbe a yi masa caji. Sau ɗaya a mako ana nuna wani wasan Turawa na yaƙi tsakanin duniyoyi biyu da ke sama, babba da ƙarama. Jiragensu kamar faifai, tufafinsu na walƙiya kamar sabon kwano, bindigoginsu haske suke fitarwa. Babu mai jin Turanci a cikinmu, har shi Mamman ɗin. Amma sai ya tsaya gefen akwatin yana fassara mana kamar a gabansa aka shirya abin.

Gwaggonmu Kulu, tsohuwa mai raunin ido, ita ke zama gaba. Da yake labarai ne ke biyo bayan wasan, sai ta ɗauka duk labarai ne.

"Mamman, wai mi yah haɗa su?"

"Rijiya ta, Gwaggo. Da burtali."

"Ashsha! Har can ma?"

Ranar da aka ci ƙaramar duniyar da yaƙi, muka ga mutanenta suna tururuwa cikin jirgi guda, mata da goyo, tsofaffi ana riƙe da su. Gwaggo ta tambaya wa suka bar wa shanunsu. Washegari ta daka gumba ta aika masallaci, ta ce a yi wa mutanen sama addu'a. Liman ya aiko a tambaye ta ko Musulmi ne. Ta ce a gaya masa wanda aka kora daga gidansa ba a tsayar da shi da tambaya. Haka aka ɗaga hannu bayan la'asar, wasu na danne dariya. Na duba, sai na ga Mamman ma ya ɗaga nasa.

A hanyar gida na ce, "Yaya, kai fa ka san wasa na."

Ya ce, "Addu'a ba ta ɓacewa, ƙanena. In ba ta iske su ba, ta iske wani."

Tun daga nan, duk mako Gwaggo sai ta tambaya ko sun koma gida, shi kuma ya ce dattawa sun shiga maganar, ana gab da sulhu. Batirin ya mutu gaba ɗaya kafin wasan ya ƙare. Gwaggo ta rasu tana da yaƙinin sun koma.

Kwanan baya na ba malaminmu na ajin yaƙi da jahilci wannan labari. Ashe ya san wasan. Ya ce babu rijiya a ciki, babu dattawa, kuma mutanen ba su taɓa komawa ba. Duniyar tasu ƙurmus ta zama. Da ma ban tambaya ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma akwai sanin da ba ya ƙara wa mutum komai sai nauyin zuciya.

Ina yawan tunanin abin da Mamman zai ce da yana raye. Ranar da muka fito, mata da goyo, tsofaffi a bayan babur, shanunmu an riga an kora su daji, hoton nan na cikin akwatinsa ne ya dawo mini. Yau mu ake kallo a waya, mutum ya girgiza kai ya wuce zuwa hoto na gaba. Mun ga gemun wasu ya kama da wuta, amma wane ruwa talaka ke da shi da zai shafa wa nasa?

Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Irin gero na nan cikin buhu a ƙarƙashin gado, gona tana can, hanya ba ta biyuwa. Kullum matata sai ta tambaye ni ko bana za mu shuka. Na iske kaina ina ce mata dattawa sun shiga maganar. Sai yanzu na gane ba don ya burge mu Mamman yake faɗin haka ba.

Akwatin ya daɗe da lalacewa, kabarin ma ban sani ba ko ciyawa ta rufe shi. Abin da ya rage mini na Mamman maganarsa ce ta hanyar masallaci. Addu'ar nan ba ta iske mutanen sama ba, tunda babu su. Ke nan tana nan tana yawo. Allah Ya jiƙan Mamman da Gwaggo Kulu, Ya sa addu'ar ta gane hanyar garinmu kafin ruwa ya sauka.